Rahoton Sakatare ga 'Yan Ƙungiya kan Ayyukan Shekarar da Ta Wuce

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na wannan ƙungiya ta iyayen yara masu cutar Hirschsprung, ciwon hanji da ke hana kashi fita.

Da kuɗin wata zan fara, don in na ajiye shi ƙarshe wasu ba za su karanta su kai can ba. Fiye da rabinmu akwai bashi a kansu. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, har gida na bi wasu, amsar ɗaya ce: sai ƙarshen wata. Tsadar rayuwa kowa na jin ta a jika, ba mu musa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wanda bai biya ba shi ne kan gaba wajen tambayar ina jakunkunan kashi da aka yi alkawari.

To ga amsa. Jakunkunan, waɗanda ake manna wa yaro a ciki su tari kashi bayan tiyata, daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Mun so mu sara da yawa don a samu sauƙi, abin da ke asusu bai kai ba. Kaɗan da muka saya mun ba waɗanda aka ɓula wa 'ya'yansu ciki kwanan nan. Sauran suna nan da tsumman zani da man shafawa, fatar yaro tana saɓulewa. Ba wanda ya ci ko kwabo, littafin ma'aji a buɗe yake. Takardar wayar da kai kuma an gama rubuta ta, wanda ya ɗauki nauyin bugawa ne ya daina ɗaga waya.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na azumi.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne laccar bayan babbar salla. Likitar tiyatar yara ta zo da guntun tiyo a jaka, ta matse bakinsa da hannu, ta sa aka ɗura ruwa, muna kallo ya taru a baya. Ta ce haka cutar Hirschsprung take. Hanji yana da nasa jijiyoyin, ƙwayoyinsu sun haura miliyan 100, suna tura abinci ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa masu bincike ke ce musu ƙwaƙwalwa ta biyu. Tun jariri yana 'yan makonni a ciki suke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. In suka tsaya ba su kai dubura ba, wurin da ya rage sai ya ƙanƙance, kashi ya rasa hanya. Wato inda ya kumbura ba shi ne tushen ciwon ba, siririn wurin ne. Likitan Denmak da cutar ta ci sunansa ya bayyana ta a 1886, amma sai a 1948 Orvar Swenson a Amurka ya kawo tiyatar yanke wurin a jawo lafiyayyen hanji ƙasa. Kusan jariri 1 cikin 5,000 take kamawa, maza sun ninka mata wajen sau 4.

Nan wata kaka ta ɗaga hannu ta ce, "Likita, kenan ba nonon uwar ba ne?" Aka ce mata ba shi ba ne. Ta juya ta kalli surukarta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗakin ya yi tsit.

An yi tambaya kan binciken dasa sababbin ƙwayoyin jijiya a hanji. Likitar ta ce a jikin ɓeraye aka fi gwadawa, kada kowa ya ɗaga tiyatar ɗansa yana jira. Ta kuma ja kunne: zazzaɓi da kumburin ciki da gudawa mai wari, ko bayan tiyata ne, asibiti a daren, ba jiƙo ba. Ungozomomin da muka gayyato sun tafi da magana ɗaya, jaririn da ya yi awa 48 bai yi baƙin kashin farko ba a kai shi a duba. Kafin wata ya zagayo ɗayarsu ta turo mana uwa da jariri.

Kujeru da ruwan wannan rana mutum huɗu ne suka biya daga aljihunsu, su ne kuma suka share ɗakin. Masu zuwa sai ranar rabo, mun gan ku. A taro mai zuwa ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafinsa.

Wassalam,
Sakatare