A daina yi wa 'ya'yanmu zaɓen tumun dare a wajen rajistar JAMB

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye da 'yan'uwana malamai, tun da lokacin rajistar JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ya ƙarato, kuma in ba a yi hattara ba, abin da aka saba yi shi za a sake yi bana.

Ni malamin sakandare ne a ƙasar Haɗejiya, na daɗe ina riƙe da 'yan ajin ƙarshe. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaro zai shekara shida a sakandare, amma makarantar da zai wuce da kwas ɗin da zai karanta a tsaye ake yanke su, a cibiyar rajista, ga layi a bayansa ana ce masa ya yi sauri. Mai buga kwamfuta ya ɗago kai ya ce, "Wace jami'a?" Yaro ya ce ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. "Wane kwas?" Ya ce likita. In kuwa ya yi jim yana tunani, mai kwamfutar ne zai cike masa abin da ya fi kusa da yatsansa. Ni ban ga laifinsa ba. Ba shi ya haifi yaron ba, ba shi ya koyar da shi ba, bai taɓa ganin sakamakonsa ba. Aikinmu ne muka bar masa.

Mu fara da lissafi, don shi ne iyaye ba sa son ji. Jarrabawar UTME, wato wadda JAMB ke shiryawa, darasi huɗu ce, maki 400. A 2024, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna mata ba su kai maki 200 ba. A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka tsayar don shiga jami'a 140 ne, na foliteknik da kwalejin ilimi kuma 100. Nan ne ake ruɗar mutane. Uba ya ji ɗansa ya ci 190, ya ji an ce 140 ake nema, sai ya fara karɓar barka a majalisa. Alhali 140 ɗin nan ƙasan ƙasa ne, wato abin da ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da shi ba. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe a cikinta yana da nasa, sannan ga tantancewar da makarantar ke yi da kanta bayan JAMB. Likitanci, lauyanci, haɗa magunguna da aikin jinya kuwa, ba jami'a kaɗai ke da ta cewa a kansu ba. Majalisar likitoci, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, haka ma Majalisar Ilimin Shari'a a ɓangaren lauyoyi. Ko shugaban jami'a kawunka ne, kujerun ƙidayayyu ne.

To, ga yaro mai maki 190 ya sa likitanci a Zariya a matsayin zaɓin farko. Bai samu ba, kuma dama ba zai samu ba. Sai a ce ai ya sa wata jami'a a zaɓi na biyu. Duk wanda ya san harkar ya san manyan jami'o'i waɗanda suka sa su a farko ma sun yi musu yawa, balle su waiwayi na biyu. Shekara ta tafi. Wata shekarar a sake sayen fom, a sake maimaita abu ɗaya, don wani baffa a gidan ya rantse sai an yi likita a zuri'a. Na ga yara masu ƙoƙari sun zauna haka har zuciyarsu ta mutu da karatun gaba ɗaya, suka kama sayar da katin waya. Sana'a ba abin raini ba ce, amma ba ita suka zaɓa ba.

Abin haushin, akwai ƙofar da aka buɗe mana ba ma shiga. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben karatu ana bayar da su ne bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda suka yi baya a karatun boko, kuma Jigawa tana cikinsu. Ma'ana, ɗan Jigawa da ya nemi Jami'ar Tarayya ta Dutse yana da damar da ba zai samu a Ibadan ko Nsukka ba. Jami'ar Dutsen nan tun 2011 take. Ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, nan ƙofar gidanmu. Ga ta fasaha da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Ga foliteknik ta tarayya a Kazaure, ga ta Binyaminu Usman a nan Haɗejiya, ga kwalejin ilimi a Gumel, ga makarantar jinya a Birnin Kudu. Lokacin da mu muka gama sakandare, rabin waɗannan babu su. Amma ka tambayi 'yan aji shida su lissafa maka makarantun gaba da sakandare, ABU da BUK ta Kano za ka ji, sai ƙila wani ya ƙara Maiduguri.

Kada a fahimce ni a baibai. ABU, da aka buɗe a 1962, uwa ce, kuma duk yaron da makinsa ya kai, ya je da albarkata. Abin da nake cewa shi ne a fara tambayar mene ne yaron zai karanta, sannan a tambayi ina ake koyar da shi da kyau, kuma ina makinsa zai iya kai shi. Mu kuwa sunan makaranta muke fara zaɓa, sannan a cusa yaro duk sashen da aka samu gurbi. Shi ya sa za ka ga wanda ya nemi injiniyanci an jefa shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, ya karɓa don kawai a ce yana Samaru, harabar ABU, ya yi shekara huɗu yana jan ƙafa, ya fito da sakamakon da shi kansa ba ya son nunawa.

Gaskiya ma zaɓin ba a aji shida yake farawa ba. A SS1, wato aji huɗu, yake farawa, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. A makarantu da yawa rabon nan na kunya ne: masu ƙoƙari kimiyya, saura kuma duk inda suka faɗa, kamar ajin adabi juji ne. Mai son lauyanci yana buƙatar adabin Turanci a JAMB da a WAEC ko NECO. Mai son injiniyanci, lissafi da fiziks da kemistiri. Mai son likitanci, fiziks da kemistiri da bayoloji. Turanci kuwa wajibi ne ga kowa. Na sha ganin yarinyar da bakinta da kwanyarta na lauya ne, amma an tura ta ajin kimiyya don ta zo ta ɗaya a JSS3, sai a ajin ƙarshe ta gane ba ta da darasin da ake nema. Duk wannan a rubuce yake a kundin JAMB, kwas bayan kwas, makaranta bayan makaranta, kuma yana kan intanet kyauta. Malamai nawa ne a cikinmu suka taɓa buɗe shi tare da ɗalibansu?

Sai maganar foliteknik da kwalejin ilimi, wadda na san a nan wasu za su yi tsaki. Ba zan ɓoye ba, bambancin da ake nuna wa mai HND, wato babbar difloma, da mai digiri a wajen aikin gwamnati yana nan, an daɗe ana alƙawarin kawar da shi. Amma hanya ce, kuma ba ta toshe ba. Difloma ta foliteknik shekara biyu ce, NCE ta kwalejin ilimi shekara uku, kuma wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai jarrabawar share fage ta IJMB da ABU ke gudanarwa, ita ma aji biyu take kai mutum. Ka kwatanta yara biyu da suka gama tare: ɗaya ya zauna gida shekara uku yana jiran likitanci, ɗaya ya tafi Gumel ya yi NCE a kimiyya. A ƙarshen shekara ukun, na biyun yana da takarda a hannu, yana iya koyarwa, yana iya wucewa digiri. Na farkon har fiziks ɗin da ya sani ya fara zubewa. Kuma ƙauyukanmu ungozoma da ma'aikatan lafiya na matakin farko suke nema ido rufe, amma makarantar koyon aikin lafiya sai wanda ya rasa ko'ina ke tunawa da ita.

Kuɗi ma a faɗe shi a fili, a gaban yaron. Bayan cire tallafin mai a 2023, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota ya ninka, abinci ya yi tashin gwauron zabi. Rajista sau ɗaya ake biya a shekara, ciki kuwa kullum ne. Ga ɗakin kwana, wanda ba kowa ke samu a cikin makaranta ba, ga haya a waje, ga takardun malamai, ga zuwa gida hutu. Uban da ke da 'ya'ya goma da gona ɗaya ya zauna ya yi lissafin shekara huɗu ko biyar, ba na shekarar farko kaɗai ba, domin shiga ba ta kai fita wuya ba. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ga makarantun gwamnati, yana taimakawa, sai dai bashi ne, sunansa ke nan. A kuma sa yajin aiki a lissafi. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 daga Fabrairu ya kai Oktoba, wata takwas cur.

Ga 'ya'ya mata, nisa ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ra'ayina ba zai yi wa kowa daɗi ba. Na fi son yarinya ta shiga makarantar da iyayenta za su bar ta ta gama, a kan wadda ta fi suna amma a shekara ta biyu a ce hanya ba tsaro, ko miji ya fito ya ce bai yarda da nisan ba. Ana yin maganar nan tun kafin a cike fom, a yi ta da uwar yarinyar a zaune, ba bayan an biya kuɗin shekara biyu ba.

Wani abin kuma da ya kamata a bincika shi ne ko kwas ɗin yana da amincewar hukuma: NUC ga jami'o'i, NBTE ga foliteknik, NCCE ga kwalejojin ilimi. Makaranta tana iya zama halattacciya amma wani sashe a cikinta bai samu amincewa ba. Kuma duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS da JAMB ke ba da gurabe ta cikinta ba, a guje shi ko wa ya kawo, don ranar tafiya bautar ƙasa ake gane kurensa. Masu ɗoki su kai 'ya'yansu waje su tuna da ɗan jaridar Daily Nigerian da ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa. Su kuma tuna yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Khartoum a 2023 da yaƙi ya ɓarke. Wancan ba laifin kowa ba ne cikin iyaye, ƙaddara ce, amma da yawa sun dawo suna neman inda za su ƙarasa.

Roƙona ga shugabannin makarantu, a ware ko yini ɗaya ne kafin a buɗe rajista, a kira iyaye, a zauna da sakamakon gwajin kowane yaro, ya rubuta zaɓinsa a takarda, uba ko uwa su gani, malamin aji ya gani, sannan ya tafi cibiyar rajista da takardar a aljihu. A gayyato tsofaffin ɗaliban makarantar da ke Dutse da Kazaure da Kano da Zariya su faɗa wa ƙannensu nawa suke kashewa a wata, mutum nawa ne a ajinsu, da maki nawa suka shiga. Yara sun fi jin maganarsu a kan tamu. A kuma gaya musu cewa bayan sakamako ya fito JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas da kuɗi kaɗan, don da yawa ba su san da ita ba sai ta wuce.

Ku ma, Ya Edita, ina da roƙo a wajenku. Yawancin iyayen ɗalibaina ba sa karanta Turanci, kundin JAMB kuwa da Turanci yake. Da za ku ware shafi guda kafin a fara sayar da fom, ku bayyana da Hausa darussan da manyan kwasa-kwasai ke buƙata, da makarantun kowace jiha ta Arewa da abin da suke koyarwa, ni da kaina zan yanke shafin in liƙa a allon sanarwar makarantarmu, in kuma kai wa limamin unguwarmu kwafi ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Haɗejiya, Jihar Jigawa