Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma: mun yashe kwata, ina motar?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, maganar motar kwashe shara ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai na ba ka labarin yadda aka faro ba, domin da kai aka yi. Ranar da ka halarci taron ƙungiyarmu, da bakinka ka ce mu yashe magudanun unguwa, kai kuma za ka turo mota ta kwashe duk abin da muka fitar. Muka yarda. Muka bi gida-gida aka yi karo-karo, aka sayi shebur da manjagara da baro. Samari suka shiga kwata har gwiwa, wasunsu ko takalmin roba babu, suna fito da leda da tsummokara da baƙin taɓo mai wari. Wani yaro fasasshiyar kwalba ta yanke shi a ƙafa, aka ɗaure masa, washegari ya dawo aiki. Muka tara sharar tsibi-tsibi a daidai inda jami'inka ya nuna.

Har yau motar ba ta zo ba. Mun je ofishinka, an ce babu mai. Muka koma, aka ce tana wajen gyara. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka da dare, gari na wayewa muka tarar duk abin da muka fitar ya koma inda ya fito, har da ƙari. Kwalbati ya toshe, ruwan kwata ya shiga gidaje, ya malala har bakin rijiyoyin da ake sha.

Ka san abin da ke biyo bayan wannan. Amai da gudawa ta ruwan da ƙazanta ta shiga take yaɗuwa, kuma tana iya kashe mutum cikin 'yan sa'o'i idan bai sami magani ba. Ruwan da ya kwanta kuwa, kwana 10 ko makamancin haka ya ishi ƙwan sauro ya zama sauron da zai ciji jariri. Wasu maƙwabta da suka gaji da jira sun fara cinna wa sharar wuta, hayaƙin leda yana shiga ɗakunan masu asma da tsofaffi.

Amma abin da ke hana ni barci shi ne yardar jama'a da muka rasa. Mun ɗauki watanni muna lallashi kafin jama'a su yarda cewa fitowarsu za ta yi amfani. Yanzu in na ƙwanƙwasa ƙofa, sai a ce da ni, "Ina motar da ka ce?" Ba ni da amsa, ranka ya daɗe. Ni na tsaya maka a gabansu, ni ne kuma na zama maƙaryaci.

Abin da muka nema ba sabon abu ba ne a duniya. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya haɗa kan talakawa, layi bayan layi, suka shimfiɗa bututun ƙazanta da kuɗinsu da ƙarfinsu, bisa tsarin cewa na cikin layi nasu ne, babbar magudana kuma ta hukuma. Rabon aikin ke nan da muka yi da kai. Baro yana iya kai shara bakin titi, ba ya iya kai ta juji a bayan gari.

Akwai batun duba-gari da muka daina gani, da mazubin sharar da aka ce za a ajiye mana. Waɗannan su jira.

Don Allah ka turo motar kafin damina ta kankama. Ka sa mana rana tsayayya a kowane mako, ka rubuta, ka sa hannu, in ɗauki takardar in zaga da ita gida-gida. In ka ba ni ita, zan sake fito da mutane, kayan aikinmu suna nan a ajiye.

Naka,
Sakataren ƙungiyar tsaftar unguwa