Ina bindigar take kwana idan ta shiga gida?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da yake damuna a wajen sana'ata. Ni mai walda ne a nan Zariya, ƙofofi da tagogi da akwatunan ƙarfe nake haɗawa, kuma tunda harkar tsaro ta taɓarɓare duk majalisar da ka zauna maganar bindiga ake, wasu na cewa a bar jama'a su mallaka wasu na cewa a'a, amma ban taɓa jin an tsaya an tambayi inda bindigar da ta riga ta shiga gida take kwana ba. Mu da muke shiga gidajen mutane aiki mun san amsar, ƙarƙashin filo ce, ko saman wadrof an rufa mata tsohuwar jarida, ko durowar gefen gado tare da caja da maganin ciwon kai, a gidan da yara ke shiga suna fita tun safe har dare. Alhali wurin kwananta ya kamata ya zama sef, wato akwatin ƙarfe mai makulli.

Kafin wani ya ce ina zuga mutane su sayi makami, a'a wallahi. Dokar bindigogi ta 1959 ta saka fistol da libarba cikin rukunin da aka haramta, shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, irin su mai baki biyu ta farauta lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi zai iya shan ɗaurin shekara 10 a ƙarƙashin dokar fashi da makami ta 1984. Toh wanda ya san bindigarsa ba ta kan ƙa'ida, ba akwati yake buƙata ba, ya je ya miƙa ta kawai. Da waɗanda doka ta ba su nake magana, kuma a Zariya suna da yawa, garin barikoki ne, ga Dafo ga Basawa, ga 'yan sanda da kwastan da sauran masu kaki da suke haya a cikinmu a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, wani aikinsa kan sa ya dawo gida da ƙaramar bindiga a ƙugu, ya cire ta lokacin da zai yi alwala ko zai shiga wanka, kuma a wannan 'yan mintunan ne tsautsayi ke samun ƙofa.

Abu na farko da nake dubawa a sef shine kaurin ƙarfen, ba fentinsa ba ba fitilar da ke ƙyalli a jikinsa ba. Kwanakin baya wani ofisa ya kawo min wanda ya yi oda ta intanet wai in kafa masa a bango, baƙi ne mai sheƙi da madannai masu haske, gwanin kyau. Na ƙwanƙwasa gefensa da yatsa sai naji yana amsawa kamar gwangwanin madara, na zura bakin sukundireba tsakanin ƙofar da jikin na ɗan danna kaɗan, a gabansa leɓen ƙofar ya fara banƙarewa har muna hango sakatar ciki, wata 'yar siririya da ba ta kai kaurin biro ba. Yayi shiru yana kallo, yace Malam kuɗi fa na zuba a wannan abun. Nace ranka ya daɗe takardun makaranta za ka iya sawa a ciki amma banda bindiga.

Masu sayarwa suna rubuta kaurin da lambar geji kuma a nan ake ruɗa mutane sabida ita lambar tana ƙaruwa ƙarfen na ƙara siranta, geji 16 wajen milimita 1.5 ne, geji 14 ya kusa milimita 2, geji 10 kuma wajen 3.4. A Ingila inda 'yan sanda kan zo har gida su duba wajen ajiya kafin su ba mutum lasisi, abun da suke so shine kada ƙarfen ya gaza milimita 2 kuma a kafe akwatin a jikin gini. Ni a nawa ganin wannan shine mafi ƙaranci, ƙofar kam gara ta kai 3 zuwa sama, a shigar da ita ciki yadda ƙarfen banƙara ba zai samu wurin kamawa ba, hinjin ma ya zama a ciki ko kuma a saka sakata ta ɓangarensa yadda ko an yanke shi da giranda ƙofar ba za ta fita ba. Ko a Amurka shaidar ingancin nan mai suna RSC da ake liƙa wa irin waɗannan akwatuna ma'anarta kawai ya jure wa mutum ɗaya da kayan aikin hannu na minti 5, kaga kenan babu akwatin da ba ya buɗuwa, ɓata wa ɓarawo lokaci ake yi da kuma hana yaro kaiwa gare ta kwata-kwata.

Sai maganar makulli, a nan ne na fi samun gardama da kwastomomi. Kowa yanzu mai zanen yatsa yake so, wai na zamani ne ka ɗora yatsa ya buɗe. Ni dai ban yarda da shi ba musamman a garin nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin banki ko layin zaɓe lokacin hunturu ya ga yadda na'ura ke ƙin karɓar yatsan da ya bushe ya tsattsage, toh haka wannan ma yake, ga ƙurar da ke kwanciya kan gilashin, lokacin zafi kuma ga gumi. Wannan ma da sauƙi, ya ƙi buɗe maka ne. Wanda ya fi muni shine ya buɗe wa kowa. A watan Oktoba na 2023 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye akwatunan bindiga masu zanen yatsa kusan 61,000 na kamfanin Fortress, dalili kuwa mutum zai ɗauka ya saita yatsansa alhali akwatin na nan yadda ya fito daga kamfani, duk yatsan da aka ɗora sai ya buɗe, kuma sai da aka samu rahoton rasuwar yaro ɗan shekara 12. Can kenan inda ake da hukumar da za ta bi diddigi ta sanar, mu nan idan kwantena ta sauke irinsu wa zai kira ka ya ce dawo da naka?

Mai madannan lamba da batir ya fi wannan dama, amma shima a kula. Batir na mutuwa kuma zafi na cinye shi da wuri, shi yasa suke zuwa da ɗan makullin ko-ta-kwana, toh shi wannan makullin sau da yawa shine mafi rauni a jikin akwatin gaba ɗaya, kuma mutane a durowar nan dai ta gefen gado suke jefa shi. Masu arhar cikinsu kuma wani ɗan ƙarfe mai sifirin ne ke riƙe da sakatar, bugu mai kyau a sama yana iya sa ya saki, in za ka saya ka gwada a gaban mai shagon kada ka ji kunya. Akwai wani mai maɓallai 5 da ba ya amfani da batir ko kaɗan, dannawa kake ka murɗa, yana da sauri kuma ko cikin duhu za ka buɗe shi da lalube, sai dai lambobin da za a iya haɗawa da shi duka-duka 1,081 ne, matashi mai naci da aka bari shi kaɗai a ɗaki zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ni za a tambaya, a gidan da ke da yara manya na fi natsuwa da makulli mai kyau irin na sef ɗin ofis ko mai lambar murɗawa, makullin kuma ya kasance a jikin mai gida ko da yaushe ba rataye a ƙusa bayan ƙofa ba.

Nasan abun da za a ce, ai kafin in buɗe akwati ɓarayi sun gama da ni. Na fahimci wannan tsoron, nima a garin nake kwana. Amma akwatin da ke kafe kusa da gado wanda hannunka ya saba da shi daƙiƙu kaɗan ne, kuma ɓarawo wataƙila ya zo wataƙila har abada bai zo ba, yaro kuwa kullum yana cikin ɗakin, kuma yara sun san inda komai yake a gida fiye da yadda iyaye ke zato. A Amurka tun 2020 harbin bindiga ya wuce haɗarin mota a matsayin abun da ya fi kashe yara da matasa. Ga kuma ranar fushi, ranar da aka yi cacar baki da iyali ko da maƙwabci, ɗan lokacin da za ka ɗauka kana neman makulli zai iya isa zuciya ta sauka. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Kibiya fa kenan, ina ga abun da yatsan ɗan shekara biyar zai iya jan kunamarsa.

Duk kyan akwati idan ba a kafe shi ba aikin banza ne, ɓarawo zai rungume shi ya hau babur ya je ya buɗe a nutse, shikenan bindigar hukuma ta koma hannun 'yan ta'adda. A kafe shi da noti masu buɗewa cikin kankare, ta ciki yadda sai an buɗe ƙofa za a kai gare su. Bulon da muke gini da shi a nan yawanci rami ne a ciki, wani ma yashi ya fi siminti yawa, noti ba ya kama shi da kyau, gidajen cikin Birni na ƙasa kuwa ba a ma magana. A irin wannan ƙasa nake haƙawa in zuba kankare in dasa ƙarfe a ciki sannan in ɗora akwatin, a lungun da mai leƙowa daga ƙofa ba zai gani ba, kuma ba a tara 'yan kallo ranar aikin.

Damina kuma tana kawo tsatsa, a riƙa shafa mai a saka 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. A cire harsashi kafin a ajiye, a duba cikin bindigar da ido kada a ce ai na cire gidan harsashin, ɗaya kan maƙale a ciki, harsashin kuma a kulle shi daban. Mafarautanmu da 'yan sintiri na wajen Giwa da Soba masu adaka su ma wannan ya shafe su, a daina jingine ta a ɗure bayan ƙyaure, albarushi kuma yayi nesa da murhu.

Roƙona ga rundunar 'yan sanda ta jihar Kaduna da shugabannin barikokinmu shine duk jami'in da ba dole ne ya tafi gida da bindiga ba ya bar ta a ma'ajiyar makamai, wanda kuma dole ne a tabbatar yana da akwati kafaffe, a tura wani ya je ya gani da idonsa, haka ma duk mai zuwa sabunta lasisi. 'Yan'uwana masu walda kuma idan aka kawo muku irin wannan aikin ku nemi ganin lasisi ko katin aiki tukunna, kuma dan Allah kada a rage kaurin ƙarfe don a ci ribar dubu biyu.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai walda daga Sabon Garin Zariya