Zuwa ga ɗana a Manchesta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya sanyi, yaya karatu? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Ummanka da ta ɗan motsa, amma da sauƙi.

Na zaɓi rubutu a kan waya ne domin magana ce da ba na so a katse ni a tsakiyarta, kai kuwa ka iya katse mutum. Gwaggonka ta zo ranar Lahadi, ko ruwa ba ta sha ba ta fara: wai tsohuwar da kake haya a gidanta Bayahudiya ce, wai kana zama cin abinci da su daren Asabar, wai har littattafan addininsu ka aro daga laburare. A bakin ƙanwarka ta ji. Kafin magariba zance ya isa gidan Kawu, a can kuma ya zama ka kusa barin Musulunci.

Na tare maka faɗa. Na tuna musu cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, kuma aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi maganar abincin Ahlul Kitabi. Na ce musu Yahudawa ba sa yawon wa'azi don jawo mutane, wanda ya kai kansa ma sai ya sha dogon karatu kafin malamansu su karɓe shi. Kawunka ya ce ai dama ni na ja, tun ranar da na dage sai ka tafi. To, na dage ɗin, kuma ko gobe zan sake. Shekarun da na yi ina koyar da tarihi ban yi su don 'ya'yana su riƙa tsoron littafi ba.

Tunda ka fara, ka yi karatun a tsare, ba tsintar guntaye a Facebook ba. Ka fara da Attaura, wadda a wurinsu littattafai 5 ce, da na annabawa da sauran rubuce-rubuce suka kai 24. Sai ka haddace waɗannan shekaru biyu na tarihinsu, domin kusan komai nasu a kansu yake rataye. A 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Bukhtunassar ya rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus ya kwashe su zuwa Babila. Suka dawo suka sake ginawa, Rumawa suka rushe shi a shekara ta 70 miladiyya. Daga nan hadaya ta tsaya, tunda babu wurin yin ta, sai addinin ya koma hannun malamai, ya zama karatu da addu'a sau uku a rana da kiyaye doka a cikin gida. Muhawarar waɗannan malamai ce aka tattara ta zama Talmud, wanda iri biyu ne, babban cikinsu kuma a ƙasar Iraƙi ta yau aka haɗa shi. In ka leƙa za ka ga tamkar zauren fiƙihu ne, wane ya ce, wane ya saɓa masa. Ka nemi labarin Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, babban malaminsu ne kuma likita, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa. Da aka kore su daga Sifaniya a 1492, da yawansu daular Usmaniyya ce ta ba su masauki. Sannan ka san abin da aka yi musu a Turai zamanin Hitila, mutum kusan miliyan 6 aka hallaka. Kada ka tambayi tsohuwar nan game da danginta sai in ita ta ɗauko zancen.

Maganar Gaza kuwa, zuciyata na ƙuna kamar ta kowa, ka kuma san matsayina. Amma matar da ta ba ka ɗaki ba ita ce gwamnati ba, cikinsu ma akwai masu goyon baya akwai masu adawa. In an tambaye ka ra'ayinka ka faɗi gaskiya da ladabi. Zancen majalisar shayi kuma ka bar shi inda ka same shi.

A gidanta ka kula da kicin. Ba sa haɗa nama da madara, shi ya sa za ka ga tukwane da cokula kashi biyu. Kada ka ɗauki tukunyar madararta ka ɗumama miya, ka ɓata mata kaya. Kilishin da Ummanka ta sa maka a jaka ka ajiye shi a ɗakinka, domin yankanmu bai wadatar a dokarta ba, wannan kuma ba raini ba ne. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari ranar Asabar, in mai kiyayewa ce, ba ta kunna wuta, ba ta taɓa makunnin lantarki ko waya. Idan idinsu na tunawa da fitar Annabi Musa daga Masar ya zo, za ta share gidan tas daga duk wani abu mai yisti na kwana 8, kada ka shigo mata da burodi. Ɗan abin da ke manne a jikin ƙofa ayoyin Attaura ne kan kaɗaita Allah, ka bar shi yadda yake. Ruwan inabin da suke yi wa albarka a teburi, in mai sa maye ne, ka faɗa tun kafin a zauna cewa ba ka sha. Sau ɗaya za ka faɗa, su ma mutanen haram da halal ne, za su gane.

Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne ragowar zancen ƙanwarka, wanda Gwaggonka ba ta ma tsaya ji ba: wai tun bayan azumi ba ka je masallacin Juma'a ba, saboda aikin ɗakin gwaji. Wato teburin daren Asabar ba ya wuce ka, amma huɗubar ranar Juma'a ta gagare ka? Ba na tsoron ka zama Bayahude. Ina tsoron ka zama ba kowa ba, mutumin da ya san ibadar kowa a littafi, tasa kuma ya jingine. Tsohuwar da kake gani tana kunna kyandir kafin rana ta faɗi, kakanninta sun riƙe wannan rana ana korarsu daga gari zuwa gari, ba su ce aiki ya yi yawa ba. Kai wa ya kore ka? Jadawali? Za ka iya faɗa mini cewa azuminsu na Yom Kippur kusan awa 25 ne ba ci ba sha, to Ashura da ta wuce ka azumta? Ka san cewa Annabi ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar ranar don tsirar Annabi Musa, ya ce mu ne mafi cancanta da Musa? Na san yanzu rana na faɗuwa a can kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba suna zuwa a jere kana cikin aji. Wannan dalili ne na ka sa ƙaramar darduma a jaka, ba na ka tara salloli sai dare ba. Da hannuna na kai ka makarantar allo, ina jiran ka a bakin zaure har a tashi. Kada ka sa Kawunka ya yi gaskiya a kaina.

Ka yi haƙuri in na yi zafi, nisa ne ke ƙara wa uba tsoro. Ka je wurin malamin da ke duba aikinka ka nemi awa ɗaya ranar Juma'a, a garin da masallatai suka yi yawa haka ba za ka rasa na kusa ba. Karatun kuma kada ka daina, in ka ci karo da abin da ya ɗaure maka kai ka rubuto mini mu tattauna. Ka gaishe mini da mai gidan, ka ce mun gode da riƙon da take maka. Ka kira Ummanka cikin makon nan, kuma kada ka yi wa ƙanwarka faɗa, ni na matsa mata ta faɗa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka