Injin kwale-kwale mai sanyi idan an yi lodi: gwaji a bakin gaɓa ba ya wadatarwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da matuƙa jiragen ruwa da 'yan'uwana kanikawa, daga nan Yawuri har zuwa sauran garuruwan da ke bakin tafkin Kainji, a kan wani kuka da kusan kowane mako sai an kawo mini shi. Matuƙi zai ce injinsa yana tashi da ja ɗaya, yana ruri lafiya lau a bakin gaɓa, amma da zarar an cika jirgi da buhuna da fasinjoji ranar kasuwa, aka sa giya aka ja totur, sai ya yi sanyi kamar an shaƙe shi.

Rurin inji a firi, wato ba a sa giya ba, ba shaidar lafiya ba ne. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ya fi yawa a ruwanmu, silinda biyu gare shi, kuma ko da ɗaya ta daina aiki, ɗayar za ta iya yin ƙarar da za ta gamsar da mai saurare matuƙar babu nauyin da take turawa. Saboda haka gwajin da ya kamata shi ne a cikin ruwa, da giya a ciki da kaya a jirgi, kusa da gaɓa.

A wajen wannan gwaji kunne ne ke raba gardama. Idan ƙarar inji ta hau sama amma jirgi bai ƙara gudu ba, injin ba shi da laifi, a duba farfela, wato fankar da ke tura jirgi a cikin ruwa. Akwai roba a tsakiyarta da ke riƙe ta da ƙarfen da ke juya ta, kuma idan ta saki, sau da yawa bayan an bugi kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, sai ƙarfen ya riƙa juyawa shi kaɗai. A ja layi da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, a ɗan yi tafiya, a ɗaga a duba. In layin ya rabu, an gano cutar. A kuma cire farfelar a ga ko zaren koma ko ciyawar ruwa ta naɗe a bayanta.

Idan kuwa ƙarar ce ta faɗi, to a fara da mai, domin a ganina nan ne matsalar ta fi yawa, kuma nan ne gyara ya fi araha. A murfin tanki akwai ɗan ƙaramin mashigin iska. In an manta shi a rufe, inji zai yi tafiya ta ɗan lokaci sannan ya fara jin yunwa. Robar nan da ake matsawa a jikin tiyon mai ita ma tana ba da labari. In ta shanye ta manne, akwai toshewa ta wajen tanki, in kuma matsa ta yana farfaɗo da inji, to famfon mai ya gaji ko tiyo yana shan iska ta wata tsaga. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu a jarka muke saye a hannun 'yan bumburutu, kuma ba kowace jarka ce mai tsabta ba. A zuba man a farar kwalba a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa. Datti kuma yana toshe babbar kafar mai a kafireta, wadda sai an ja totur take aiki sosai, shi ya sa inji ke yaudarar mutum a firi.

Bayan mai sai filogi. A kwance biyun a kwatanta su: wanda ya jiƙe ya yi baƙi, silindarsa ba ta ƙone mai yadda ya kamata. Yawanci gaurayar fetur da man inji ce ta lalace. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na man gauraya, wato rabin lita a lita 25, kuma da man da aka yi domin injin ruwa. Na sha ganin masu zuba baƙin man mota don sauƙi, ko masu rage ma'auni don tsimi; na farko yana kashe filogi, na biyu yana cinye fistan da ringi, kuma a nan ne kuɗi masu yawa ke fita. Ruwan sanyaya inji da ke tsartuwa ta baya shi ma a sa masa ido, domin yashi yana cinye robar famfon ruwa, inji mai zafi kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi.

Akwai kuma gaskiyar da matuƙa ba sa son ji. Wani lokaci duk waɗannan lafiya suke, lodin ne ya fi ƙarfin doki 40, ko kuma farfelar ta gudu ce aka ɗaura wa jirgin kaya. Inji da ya yi sanyi a tsakiyar kogi lokacin da ruwa ya cika, yana barin jirgi ya juya gefe ga igiyar ruwa da mata da yara a ciki. Don haka nake roƙon hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, da shugabannin ƙungiyoyin matuƙa su sanya gwajin inji da lodi cikin abin da ake dubawa a tasha kafin jirgi ya tashi, tare da rigunan kariya da ake ta magana a kansu.

Wassalam.

Naku,
Wani bakaniken injin jirgin ruwa,
Yawuri, Jihar Kebbi.