Wasiƙa daga Aboabo a kan Alewar Mayya

Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in ba ka labarin muhawarar da ta tashi a gidana daren Asabar.

Bayan sallar isha'i yara suka kunna fim ɗin Narnia na 2005, wanda aka ɗauko daga littafin da C. S. Lewis ya wallafa a 1950. A ciki akwai yaro mai suna Edmund, wanda mayya ta yaudara da alewar Turkiyya har ya yarda zai kawo mata 'yan'uwansa uku. Da aka zo wurin, Auta ya miƙe a fusace ya ce shi kam ba zai taɓa sayar da yayyensa saboda alewa ba. Ina cikin sa masa albarka sai ya ƙara da cewa, amma idan mayyar ta zo da cincinga, wato tsire, mai zafi da yaji, to, a nan sai a zauna a yi shawara. Uwargida ta yi dariya har da hawaye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mayyar ta ɓullo wa yaron. Ta lulluɓe shi da mayafinta saboda sanyi, ta ba shi abin sha mai ɗumi, sannan ta kwaɗaita masa sarauta. Nan take na karanto musu ayar Suratu Ɗaha inda Iblis ya kwaɗaita wa Annabi Adamu, alaihissalam, itaciyar dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa, suka yi tsit kamar ruwa ya ci su.

Maganar wani zaki da ke cikin fim ɗin ce ta fi buƙatar natsuwa. Sunansa Aslan, wato zaki da Turkanci, ya miƙa ransa fansa ga Edmund a kan teburin dutse, ya kuma tashi bayan mutuwa. Lewis Kirista ne, kuma Almasihu yake nufi, yadda maƙwabtanmu Kiristoci suka yi imani da shi. Na bayyana wa yaran haka ba tare da ɓatanci ba, sannan na tuna musu cewa Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Na ƙudurta cewa daga yau tare za mu riƙa kallo.

Idan ka samu alewar nan a can, don Allah ka aiko mana kaɗan, domin Auta ya matsa sai ya ɗanɗana ya ji ko ta kai cincinga. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini har kullum.