Kuɗin cizo ya hana mu barci a Jos

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ja hankalin jama'a kan kuɗin cizo, nan Anguwar Rogo abin ya yi yawa, yara duk jiki ƙuraje ga ɗigon jini a zanin gado. Mutane sai su yi ta fesa ota-fiya-fiya cikin ɗaki a rufe da yara a kwance, wallahi guba ce, kuma ba ta gamawa da ƙwan da ke ɓoye a ɗinkin katifa da tsagar katakon gado, bayan kamar sati ɗaya ya ƙyanƙyashe. A wanke barguna da tafasasshen ruwa, a goge da ayan, a shanya katifa a rana, a maimaita. Masu sayen katifar gwanjo kuma ku duba ɗinki kafin ku biya.

Wata uwa daga Jos